Yadda ake sayen babur mai lantarki da rance ba tare da bashin ya fi ƙarfinka ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, masu babura da yawa suka fara waiwayar mai lantarki. Sai dai kuɗinsa a dunƙule ya fi na mai shan fetur, kuma batiri ne ya jawo hakan, domin shi kaɗai yakan cinye kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin farashin. Saboda haka wanda ya ci bashin babur mai lantarki, babban kaso na bashin na batiri ne. Ƙarfen babur zai yi shekaru yana aiki, amma batiri kullum ƙarfinsa raguwa yake, ko an hau ko ba a hau ba. Duk tsarin rancen da za ka shiga, dole ya ƙare tun batirin yana da sauran ƙarfi, tun garantinsa bai fita ba.

Mataki na farko: lissafin yini guda

Kafin ka taka ƙofar banki, ka san kilomita nawa kake yi a rana. Kada ka yi kintace. Ka duba mitar babur ɗinka da safe da kuma dare har mako guda, in ta lalace ka yi amfani da taswirar waya.

A ce kana yin kilomita 100. Babur irin Boxer da ke yin kilomita 40 a lita cikin gari da kaya zai sha lita biyu da rabi. In lita tana naira 900, ka ƙona 2,250. Mai lantarki ɗauke da fasinja ko kaya yakan ci wajen yunit 4 na wuta a wannan tafiyar, in aka ƙara abin da ke salwanta a caja ya zama kamar yunit 4.6. A kan naira 210 kowane yunit, kusan 970 ke nan. Rarar da ka samu ba ta kai 1,300 ba a rana. Ka ɗora mata kuɗin baƙin mai, fulogi da gyaran kafireto da ba za ka ƙara yi ba, za ta ɗan ɗaga.

Ka riƙe wannan adadin da kyau, domin masu talla za su ce maka rarar kuɗin mai ce za ta biya bashin. Nan gaba za ka ga cewa biyan rancen shekara guda yakan kai 5,000 zuwa 6,000 a rana. Rarar mai tana rage nauyi ne kawai, sauran daga cinikinka ko albashinka zai fito. Wanda kuma ba ya wuce kilomita 20 a rana, daga gida zuwa ofis ko kasuwa, rararsa 'yar kaɗan ce, ƙaramin babur mai ƙaramin batiri ya ishe shi, bai kamata ya ci bashin na 'yan acaɓa ba.

In acaɓa za ka yi da shi, ka tabbatar dokar garinku ta yarda. An hana ɗaukar fasinja a babur a tsakiyar Abuja tun 2006, a Maiduguri aka hana babura a 2011, Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, wasu jihohin arewa maso yamma kuma sukan taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro. Kasancewarsa na lantarki ba ya fitar da shi daga dokar. A irin waɗannan garuruwa, kai saƙo da kayan 'yan kasuwa shi ne aikin da za ka gina lissafinka a kai.

Mataki na biyu: ina za ka yi caji

Nan ne lissafin mutane da yawa yake rushewa. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin rukunin A naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Caja mai amfiya 10 tana buƙatar awa huɗu zuwa biyar ta cika batiri mai amfiya-awa 40. In unguwarku ba ta samun wuta awa biyar a jere da dare, ba ka da gidan mai.

Janareta ba mafita ba ce. Ƙaramin janareta da wuya ya ba da fiye da yunit biyu a lita guda, don haka yunit 4.6 zai sha lita 2.3 ko fiye, kusan daidai da abin da Boxer zai sha. Sola tana yi, amma tana ba da wuta ne da rana lokacin da kake kan titi, sai dai in kana da batiri biyu, ɗaya na caji ɗaya na aiki, wannan kuwa ƙarin bashi ne.

Akwai tsarin musanya batiri, irin wanda kamfanin Spiro ke yi a Benin, Togo, Ruwanda, Kenya, Uganda da wasu sassan Najeriya: ka sayi babur ba batiri, ka riƙa ajiye wanda ya ƙare a tasha kana ɗaukar cikakke kana biya. Bashin yana raguwa sosai, lalacewar batiri kuma ba ruwanka. Sharaɗinsa shi ne tashoshin su kasance a kan hanyar da kake bi kullum, aƙalla biyu ko uku, domin babur ɗin ba ya karɓar batirin wani kamfani. In tasha ɗaya ce tak a garin, ranar da ta rufe kai ma ka rufe, bashi kuma yana tafiya.

Mataki na uku: batirin da ya cancanci a ci bashi dominsa

Ka nemi a nuna maka rubutun jikin batirin, ba na jikin kwali ba. Ka ninka bolt da amfiya-awa: 72 sau 40 ya ba da 2,880, wato yunit 2.88. Ba a zuƙe batiri har ƙasa, abin da za ka mora wajen yunit 2.4 ne, wanda zai kai ka kilomita 60 da kaya. In mai sayarwa ya ce 120, yana nufin mutum ɗaya marar nauyi a titi mai laushi yana tafiya a hankali. Mai yin kilomita 100 sai ya yi caji da rana ko ya sayi batiri mafi girma.

Batiri iri uku ne a kasuwa. Na darma, irin na inbata da mota, shi ne mafi araha, amma caji 300 zuwa 500 yake yi ya gaji, wato mai aiki kullum zai canza shi cikin shekara guda ko da ɗan ɗoriya. Kada ka ci bashin wata 18 a kansa. Na litiyum kuma kashi biyu ne: NMC ba shi da nauyi amma ba ya jure zafi sosai, LFP ya ɗan fi nauyi amma yana haura caji 2,000 kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, LFP ne zaɓi, ko da ya fi tsada.

Garanti ya zama a rubuce, kuma ya faɗi abu uku: tsawon lokaci ko kilomita, ƙarfin da in batiri ya sauka ƙasa da shi za a canza maka (kashi 70 ko 80 cikin ɗari aka saba sawa), da wurin da za ka kai shi. Garantin da sai an tura batiri Legas ka jira wata guda ba shi da amfani ga mai biyan bashi kowane mako. Ka tambayi kuɗin sabon batiri, kwantirola da caja, ka je da ƙafarka ka ga shagon da ake sayar da su a garinku.

Mataki na huɗu: inda kuɗin zai fito

Ga mai albashi, ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki ita ce mafi sauƙi, ana cirewa daga albashi kuma ribarta ba ta kai ta banki ba. Akwai kuma hukumar CREDICORP da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024 don sayen kaya bashi, wadda ke aiki ta hannun bankuna da kamfanonin ba da rance. Bankunan kasuwanci suna da tsada, domin Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamban 2024, su kuma a samansa suke ɗorawa. Ƙananan bankuna sun fi sauƙin shiga amma da wata suke lissafi, ba da shekara ba. Manhajojin rance na waya kuwa, na kwana 30 ko 90, ba a sayen babur da su ko kaɗan.

Wanda ke gudun riba yana da bankuna irin su Jaiz, TAJ da Lotus, da wasu ƙananan bankunan Musulunci. Tsari biyu suka fi amfani da su. A murabaha, banki ne zai sayi babur ɗin ya mallake shi, sannan ya sayar maka da ribar da aka bayyana, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Farashin da aka yanke ba ya ƙaruwa ko ka makara, tarar jinkiri in akwai ba ta shiga aljihun banki, sadaka ake yi da ita. Saboda haka kada ka riga banki biyan dila wani abu da sunanka, domin hakan yana ɓata cinikin. A ijara kuwa, babur na banki ne kana biyan haya har ka mallaka a ƙarshe, manyan lalacewar da ba sakacinka ba ne suna wuyan mai kaya. A nan ka nace a rubuta wanda zai ɗauki nauyin batiri in ya mutu. Rashin riba ba ya nufin araha, jimillar kuɗin ita ma sai ka gwada ta da ta sauran.

Sai tsarin da 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu suka fi sani, a ba ka abin hawa kana kawo balas kullum ko kowane mako har ka mallaka. Kamfanoni irin su MAX suna yin sa, attajiran unguwa ma suna yi. Ba ya buƙatar takardu da yawa, amma jimillarsa takan yi yawa, kuma babur ba naka ba ne sai ka biya kobo na ƙarshe.

Mataki na biyar: gane ainihin kuɗin ruwa

A ce babur ɗin naira miliyan 1.5 ne, ka ba da kafin alƙalami 300,000, ka ranci miliyan 1.2 na wata 12. Wurare biyu duk sun ce maka kashi 4 cikin ɗari a wata.

Na farko yana lissafi a kan uwar kuɗin gaba ɗaya daga farko har ƙarshe: 48,000 kowane wata, sau 12 ya zama 576,000. Jimilla 1,776,000, kana biyan 148,000 a wata. Na biyu yana lissafi a kan abin da ya rage a kanka, kuɗin ruwa na sauka yayin da kake biya. Biyan wata zai zama wajen 127,900, jimillar kuɗin ruwa wajen 334,000. Bambancin ya haura 240,000, alhali dukansu "kashi huɗu" suka ce. Kashi 4 na tsarin farko daidai yake da kusan kashi 6.6 a tsari na biyu. In ka raba da ranakun aiki 26, na farko 5,700 ne a rana, na biyu 4,900.

Don haka kada ka tsaya tambayar kashi nawa ne. Ka ce a rubuta maka jadawalin biya, kwanan wata da adadi, daga na farko har na ƙarshe, ka haɗa da kanka. Ka ɗora kafin alƙalami, kuɗin fom, kuɗin gudanarwa, kuɗin na'urar bin sawu, inshora, rajista da lamba. Wannan jimillar ita ce farashin babur ɗinka, ita za ka gwada tsakanin wurare uku aƙalla. Ka lura ko ana cire waɗannan kuɗaɗen daga rancen tun kafin a ba ka, domin in an cire 60,000 daga miliyan 1.2, kana biyan ruwa a kan kuɗin da bai shigo hannunka ba, kuma sai ka nemo cikon da za ka ba dila.

Tsawon lokaci yana da tarko ta gefe biyu. Gajere yana shaƙe ka, dogo yana ninka kuɗin ruwa ya kuma haura garantin batiri. Ga mai aiki da babur kullum, wata 12 zuwa 18 ne daidai. Biyan rana kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke rage maka bayan caji da kuɗin ƙungiya, kuma da cinikin rana marar kyau za ka auna, ba da na ranar kasuwa ko jajibirin salla ba. In lissafin bai fita ba, ka ƙara kafin alƙalami ta hanyar adashi ko sayar da tsohon babur, maimakon ka ƙara watanni. Kowace 100,000 da ka ƙara a misalin farko tana rage maka 48,000 na kuɗin ruwa.

Mataki na shida: takardu da mai tsaya maka

Za a nemi NIN, BVN, hotuna, shaidar adireshi kamar takardar kuɗin wuta, lasisin tuƙin babur, bayanin asusunka na wata shida, da takardar farashi daga dila. Wanda cinikinsa duk a hannu yake, ya fara zuba shi a asusu wata shida kafin ya nema, domin abin da banki bai gani a asusu ba bai san da shi ba. Za su duba sunanka a hukumomin tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral. Tsohon bashin manhaja na naira 5,000 da ka manta yana iya sa a ƙi ka, ka biya shi ka karɓi shaida tun da wuri.

Mai tsaya maka ya san abin da yake sa wa hannu: in ka gaza, shi za a kama. Ka zaunar da shi ka karanta masa adadin, kada ka ce masa shaida ce kawai. Sannan tun watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda in ka gaza biya ya ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗinka a wani banki. Kada ka ajiye kuɗin amana ko na ƙungiya a asusunka in kana da irin wannan rance.

Mataki na bakwai: karanta yarjejeniya

Ka karɓi kwafi ka tafi da shi gida. In Turanci ne kuma bai zauna maka ba, ka nemi wanda ba ma'aikacinsu ba ya fassara maka. Wuraren da rigima ke fitowa sanannu ne.

Kusan duk baburan bashi suna da na'urar da ake kashe su daga nesa. Ka san kwana nawa za ka makara kafin a kashe, da ko ana yi maka gargaɗi. Ka san bayan makara nawa ake ƙwacewa, kuma in an ƙwace an sayar, me zai faru da abin da ka riga ka biya. Dokar sayen kaya ta hanyar haya ta 1965 ta ce idan an biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, mai shi ba zai karɓe shi ba sai ta kotu, ko da yake tana ba shi damar ɗauke shi ya adana in biya uku ko fiye sun taru. Yarjejeniyar da aka rubuta da sunan haya zalla ba lallai ta samu wannan kariyar ba, don haka ka duba sunan da aka ba ta.

Ka nemi a rubuta abin da zai faru in babur ya kwanta a wurin gyara saboda laifin kamfani. Adalci shi ne a dakatar da biya ko a ba ka wani na wucin gadi. Ka duba ko in ka samu kuɗi ka biya da wuri za a rage maka wani abu ko tara za a ci ka. Inshora kuma, ta dole da doka ta sa ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta biyan sata ko gobara. Babur na bashi yana buƙatar cikakkiya ko takaful, wato inshorar Musulunci, kuma a ambaci batiri da lambarsa a ciki, domin ana iya sace shi a bar babur.

Mataki na takwas: ranar karɓa

Ka gwada lambar shasi, lambar mota mai juya taya da lambar batiri da abin da ke kan rasit, ka ɗauki hotonsu. Ka duba ranar da aka ƙera batirin, wanda ya shekara a sito ya riga ya fara tsufa. A cika shi a gabanka, ka yi tafiyar gwaji da mutum a baya, ka ga kashi nawa ya sauka a kilomita goma. Kuɗi kuma ta asusun kamfani za su bi, ba hannun wakili ba.

Mataki na tara: watannin biya

Ka ware kuɗin biya kullum da yamma, kada ka jira ƙarshen wata. Bayan shi ka riƙa ajiye wani abu, ko 500 ce, har ya kai biyan mako biyu, saboda rashin lafiya, ruwan damina ko lalacewar taransifoma. Daga nan ajiyar ta zama ta sabon batiri.

Yawancin garantin da ke ɓaci, mai babur ne ke ɓata shi ba da sani ba. Cajar da ba tasa ba ita ce ta farko: batiri biyu duk za a kira su masu bolt 72, amma NMC a 84 yake cika, LFP mai ƙwaya 24 a 87.6, cajar wani tana iya cika wani fiye da kima ko ta bar shi bai cika ba. Kada ka jona caji kana sauka daga doguwar tafiya, ka bar shi ya huce rabin awa a inuwa. Kada ka bar shi ya mutu ƙurmus ya kwana, kada ka wanke shi da injin feshin ruwa, kada ka kutsa cikin ruwan da ya kai tsakiyar taya. Kada ka bari mai gyaran lantarki na bakin titi ya buɗe batiri ko ya yanke waya don ƙara gudu ko cire na'urar bin sawu, domin na farko yana kashe garanti, na biyu kuma saɓa yarjejeniya ne da zai ba su hujjar ƙwacewa. Caji a ɗakin kwana ko a kan siririyar wayar jona wuta haɗarin gobara ne.

In ka hango ba za ka iya biyan wani wata ba, ka je musu kafin ranar, da takarda, ka nemi a sake tsara jadawalin. Sun fi sauraron wanda ya zo da kansa. Cin sabon bashi don biyan wannan shi ne abin da ke kai mutum ga rasa babur da kuɗin duka.

Mataki na goma: bayan biya na ƙarshe

Ka karɓi takardar shaidar kammala biya mai hatimi, asalin rasit da takardun mallaka, makulli na biyu, da takardar sauya suna in an yi rajista da sunan kamfani. A cire na'urar kashewa ko a miƙa maka ikonta a rubuce, a soke umarnin cire kuɗi daga asusunka, a mayar wa mai tsaya maka duk takarda ko cakin da ya ajiye. Bayan wata ɗaya ko biyu ka nemi rahotonka daga hukumar tarihin bashi, ka tabbatar an rubuta cewa an rufe bashin, in ba a rubuta ba ka koma da takardar shaidar su gyara.